Kambun Jar Waya

Wautar da na yi ba ta kai a kira ta laifi ba. Ƙanena, ɗan Baffa, ya tambaye ni abin da ke cikin kambun da na ɗaura a damtse, ni kuma maimakon in ce masa ba komai, sai na ɗaga kai sama, na tsuke baki, na ce, "Ba a faɗa." Don in ga idonsa ya fito waje kawai na yi. Ya kuwa fito, kamar na kwaɗon da aka taka.

Asalin abin daga makaranta ne. Shekarar da na shiga aji biyar aka kawo mana sabon malamin zane, siriri, mai magana da hannuwa. Kafin zuwansa, darasin zane a wurinmu shi ne a zana kofi da mangwaro a kifa kai a tebur. Shi kuwa ya ce kowa ya zaɓi abin da zai yi da hannunsa kafin ƙarshen zango, wanda ya fi kyau zai tafi da shi Kano wurin baje kolin ayyukan ɗalibai. Wasu suka ce tabarma, wasu tukunya. Ni da ba na son bin ayari na ce kayan ado zan ƙera. Malam ya ji daɗi har ya dafa kafaɗata. Ya ce ado ba sai da zinare ba. Ƙarfe da fata da ƙaho da abin da mutane suka yar, in an haɗa su da tunani, sun zama abin sawa. Na fito daga aji ina jin an naɗa ni sarkin maƙera, alhali a gidanmu ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai a tsaya ana kallonta.

Da roƙo na fara. Akwai wani mai gyaran injin ban-ruwa a Kwanar Dangora da ke zubar da ƙonanniyar jar waya, ranar da na raka Baba can na tsaya a kansa ina ta gaishe shi har ya gaji ya cika mini aljihu. Baduku a kasuwarmu ya ba ni ƙyallayen fata. Wani ɗan ajinmu da mahaifinsa ke kiwo wajen dajin Doguwa ya kawo mini ƙayar beguwa. Gwangwanin lemo kuwa ni da awaki muka riƙa rige-rigen zuwa juji. Tsohon bakin garma ne uwar maƙerata, gudumar kuma ta aro ce, wadda kanta ke tashi sama duk sanda ta ga dama.

Abu na farko 'yan kunne na yi wa ƙanwata. Ta sa su da safe, kafin azahar ta ce kunnenta na shirin gaisawa da kafaɗarta. Na yi wa Inna zobe, yatsanta ya koma kore shar, ta yi ta zagaya maƙwabta tana nuna musu sabuwar cuta, har wata tsohuwa ta goge mata da lemon tsami. Na haɗa sarƙa da murfin kwalba da ƙwallon dabino, wadda in mai ita ta taso daga rijiya, kajin unguwa sun watse kafin ta iso ƙofar gida. Daga nan matan gidanmu suka daina zama kusa da ni. Da sun ji ƙarar guduma sai kowace ta tuna tana da aiki a maƙwabta.

Ga shi damina ce. In dawo daga makaranta, in tafi gona, in dawo bayana kamar an yi sussuka a kansa, sannan in zauna lanƙwasa waya. Yatsuna duk sun tsage, in na sa hannu a miya sai na ambaci Allah. Sau da yawa nakan kalli masu tabarma suna saƙa suna hira a inuwa, in tambayi kaina wa ya aike ni.

Da na rasa wuya da kunnen da zan gwada a kai, sai na ga jiki ɗaya ya rage wanda ba zai gudu ba, wato nawa. Shi ya sa na yi kambu. Na wanke wayar da toka da tsamiya har ta yi ja kamar garwashi, na kitsa ta irin kitson mata, na zagaye jar fata da ita. Na yanka gwangwani ƙanana-ƙanana, na huda da ƙusa suka zama kamar taurari, na jera guntayen ƙayar beguwa a tsakaninsu, fari da baƙi. Da na ga ya kwanta shafal, sai na yanko guntun wani silifa da na tsinta a bayan rumbu, na cusa a ciki don ya tasa, na ɗinke da basilla. Ni kaina da na gama na daɗe ina kallonsa. Shi ne abu na farko da na yi wanda bai yi kama da hatsari ba.

Malam ya jujjuya shi a hannu, ya kai shi bakin taga, ya dawo. Ya ce wannan ne zai je Kano, in dai ban lalata shi ba. Ya ce in riƙa sawa don in gane inda yake karce fata in gyara. A wannan sawar ce ɗan Baffa ya gan shi, ya yi tambayarsa, na ba shi amsata.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma da na ga yadda ya riƙe numfashi, sai bakina ya ci gaba ba da izinina ba. Na ce wani tsoho ne a dajin Doguwa ya ba ni, mai gemu har gwiwa. Na ce wanda ya ɗaura shi ƙarfe ba ya kama shi. Don maganar ta yi nauyi na ƙara da cewa sharaɗinsa guda ne, ba a shan miyar kuɓewa.

Ranar Inna ta yi tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa. Kwano ɗaya muke ci da yaron nan, ya zauna yana kallon hannuna. Haka na ci gayan tuwo ina murmushin manya. Washegari kuɓewa. Jibi kuɓewa. Lokacinta ne, a bayan gidanmu kaɗai akwai wadda za ta ciyar da Kiru da Bebeji. Na rame har wandona ya fara neman hanyar ƙasa.

Kafin ranar kasuwa an ce reza ta karye a hannuna. Da labarin ya je Burumburum ya dawo, rezar ta zama adda. 'Yan acaɓa suka fara jinjina mini in na zo wucewa. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya yi sallama da Baba, wai yana son a taimaka masa da irin na yaron. Baba ya kira ni, na faɗa masa gaskiya tun daga jar waya har silifa. Ya ce shi dama bai yarda ba, don ya san ɗansa, ko ƙaya ce ta soke shi sai liman ya ji daga masallaci. Ya ce in cire abin nan in ajiye. Na cire na sa a akwati, na koma shan miyata.

Sai dai maganar ta riga ta fi ƙarfina. Na bi mutane ɗaya-ɗaya ina cewa aikin makaranta ne, suna gyaɗa kai suna cewa ai mai abu ba ya faɗa. Na rantse har na gaji da rantsuwa. Ɗan Baffa na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara da ladabi, da na gama ya kashe mini ido ɗaya. A lokacin ban lura shi ne ya koma cin gayan tuwo ba.

Wata ranar Asabar na dawo daga gona da hantsi, ko fartanya ban ajiye ba ƙanwata ta ce ta ga ɗan Baffa ya buɗe akwatina, ya fita da abokansa wajen rafi, kuma matar Baffa na ta neman wuƙar da ake yanka rago da ita. Ban san na iya gudu haka ba. Na ratsa gonar masarar mutane, ganye na yanka mini fuska, ina ganin damtsen yaron nan a idona, wanda bai fi karan dawa kauri ba.

Na same su a gindin wani marke. Kambun ya yi masa yawa, ya ɗaure shi da igiyar rama. Ɗaya daga cikin abokansa na durƙushe yana wasa wuƙa a dutse, da natsuwa kamar mai shirin layya.

Na ce ya cire mini kayana. Bai yi gardama ba, ya kwance ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga shi, Yaya. Ai tun safe yake jikina, ya riga ya shiga."

Ya juya ya miƙa wa mai wuƙa hannunsa, ya ce ya fara a hankali.

Na riƙe hannun. Na sake rantsewa, ya ce ai dole in faɗi haka. Na ce zan gaya wa Baffa, ya ce to, su bari sai wata rana. Na kuma san zai yi. Yaron da ya taɓa zura hannu a amya don an ce masa zuma ba ta harbin ɗan fari, ba a yi masa barazana da bulala.

Na tsaya da kambun a hannu. Zango ya kusa ƙarewa, wayata ta ƙare, ƙayar beguwa ta ƙare, yatsuna ma sun kusa. Na ce a ba ni wuƙar. Yaran suka matso suna murna, sun ɗauka a kaina zan gwada.

Ɗinkin na ƙarƙashin kitson waya ne, ba yadda za a kai gare shi sai an ɓarke komai. Na sa tsinin wuƙa na ɓanɓare wayar, ƙayoyin suka riƙa karyewa ƙas-ƙas, taurarin gwangwani suka zube a yashi. Na farke fatar, na zaro guntun shuɗin silifa, na ɗaga musu.

Mai wasa wuƙa ya ce wataƙila maganin a cikin robar yake. Na ji kamar in kwanta a wurin in yi barci har kaka. Amma ɗan Baffa ya miƙo hannu. Ya karɓi robar ya juya ta. A gefenta akwai ɗigo-ɗigon ƙuna da aka yi da ƙusa mai zafi, irin alamar da yake yi wa takalmansa don kada a musanya masa a masallaci.

"Yaya, wannan ai takalmina ne."

Na ce na ɗauka yar da shi aka yi.

"Shanya shi na yi. A kansa Babana ya zane ni. Da ƙafa ɗaya na yi ta zuwa Islamiyya ana mini dariya."

Abokansa suka fashe da dariya har ɗaya ya faɗa ruwa. Shi kuwa ya kumbura, maganar tauri ta fita daga kansa gaba ɗaya, takalminsa kawai yake so. Ya karɓe wuƙar, ya riƙe ta ta ƙota da hankali irin na wanda ya san tana yanka, ya wuce gaba yana cewa sai ya faɗa wa Baffa. Na durƙusa ina tsintar abin da zai tsintu a cikin yashi.

Ya kuwa faɗa, tun kafin in iso gida.

Na yi ƙoƙarin mayar da kambun yadda yake. Fatar ta yage, wayar duk inda ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, inda babu ƙaya na cike da tsinken tsintsiya. Na kai wa Malam na ba shi labari tun daga farko. Ya tambayi hannun yaron, na ce lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya kalli abin da ke tebur ya ce ya yi kama da wanda mota ta taka, kuma ba zai iya tafiya da shi ba.

Jakar saƙa ta wata yarinya 'yar ajinmu ce ta je Kano. Ranar da suka tafi ina gonar Baffa ina cirar gyaɗa a madadin silifa.