Farantin da Aka Ce Kar a Goge

Kaf Kademi babu wanda bai san Inna Larai da tsafta ba. Mace ce da za ta share tsakar gida, kaza ta gifta, ta sake ɗaukar tsintsiya. Marigayi mijinta cewa yake, da da hali har gonar gero sai ta wanke.

Shi ya sa da Muhyiddeen, wani ɗalibin jami'a daga Kano, ya zo neman gidan da zai kafa farantan sola biyu don bincike, mai unguwa ya nuna masa gidanta. Muhyiddeen ya kafa su a kan rumfa, ya ce, "Inna, na dama ki riƙa goge shi kullum. Na hagu kuwa, don Allah kar ki taɓa. So nake in auna yadda datti ke rage wuta."

Ta ce to. Sati biyu ta daure. Sai ga kashin tattabaru, ga ƙaiƙayi, ga maƙwabciyarta Hanatu tana leƙe tana cewa, "Oho, su Larai an fara gajiya!" Kai, ranar ta sa tsumma. Daga nan kullum sai ta shafa, in zai zo ta bar masa 'yar ƙura don kar ya gane. Shekara guda cur tana haka.

Bawan Allah ya duba na'urarsa, ya ga kusan babu bambanci, ya rubuta cewa datti ba ya wani rage wuta a yankin. Ya gama karatu, har atamfa ya kawo mata. Da aka tashi haƙa wa unguwar rijiyar burtsatse mai aiki da sola, shi aka nema shawara. Ya ce a ɗaga farantanta can saman tankin ruwa saboda ɓarayi, ba sai an riƙa gogewa ba.

Yanzu duk rani, da ƙura ta rufe farantan, ruwan raguwa yake. Famfo ya yi ta tari, da kyar ya tofo rabin bokiti. Mata suka koma tafkin da shanu ke sha, bara kuma gudawa ta ɗauke jikar Hanatu, 'yar wata tara. Larai ce ta yi wa gawar wanka.

Ta roƙi mai unguwa a hau a goge farantan. Ya ce, "Haba Inna, mai ilimi ya auna, a gidanki ma." Magana ɗaya ce za ta sa ya yarda, wato ta faɗa masa ta goge na hagun, ita kuwa tsoronta take ji, wallahi, da kunya.

Sai ta ɗaure gora biyu, ta maƙala tsumma a kai. Kullum da hantsi tana gindin tanki tana miƙa, ba ya kaiwa. Rannan Hanatu ta ajiye tulunta, ta kama mata gorar.

"Allah ya biya ki, Larai. Da kowa irinki ne, da jikata tana raye."

Larai ta gyara riƙon gorar. Suka ci gaba da miƙawa tare.