Ranar da na jira kaskon caji ya yi ja

Ko da zan tsufa har in manta inda na ajiye carbina, ranar sunan ɗan yayata na fari ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, yaron har ya shiga makaranta, amma in na tuna sai in rufe fuska in yi dariya ni kaɗai.

A garin Ƙofa gidanmu yake. Yayata tana aure a Burumburum, cikin dangin makiyaya, sai ta dawo gida haihuwa. A gidanmu kuwa, duk wani taro da za a yi, Gwaggo, yayar babanmu, ita ke riƙe da kaskon turare. Tun kafin a haife ni wani bai taɓa karɓar wannan aiki daga hannunta ba. Ni kuma a lokacin na gama sakandare, na koyi haɗa turaren wuta wajen wata maƙwabciya, kaina ya yi girma har ƙofar ɗaki tana neman yi mini kaɗan.

Ana gobe suna babban yayanmu, wanda direba ne, ya kawo mini tsaraba daga Kano, wani ɗan kasko na zamani mai aiki da batir. Tsawonsa bai wuce tocila ba. Ka buɗe murfi, ka zuba turare kaɗan, ka danna maɓalli, sai ya yi zafi ya riƙa huro ƙamshi, ba gawayi ba toka. A jikinsa akwai ƙananan fitilu guda huɗu, duk koraye. Yaya ya ce ya cika shi da caji, ya miƙo mini, ya wuce Doguwa ɗaukar masara. Takardar da ke cikin kwalin ko kallonta ban yi ba, na ba Inna ta hura wuta da ita.

Nan take na je na sami Gwaggo tana goge tsohon kaskonta na ƙasa. Na ce, “Gwaggo, bana ki huta. Hayaƙin gawayi yana sa jariri tari. Ni zan tarbi surukai da na zamani.”

Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. “To, 'yar nan. Kin san kansa dai ko?”

“Haba Gwaggo, me ke cikinsa?”

Ta tura kaskonta ƙarƙashin gado. Sai yanzu nake gane cewa maganata ta sosa mata rai. A lokacin ko a jikina.

Abin da ya sa na ɗauki zancen da zafi shi ne uwar mijin yayata. Tsohuwa ce mai tsabta da lura, kuma ba ta ɓoye abin da ta gani. Ɗakin mai jego kuwa kowa ya san yadda yake, ga ganyen wanka, ga kunun kanwa, ga tsummokaran jariri. Yayata ta riƙe hannuna ta ce, “Don Allah kada ki ba ni kunya a gabanta.” Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

Da safiyar suna na gwada shi a tsakar gida. Ƙamshi ya tashi, mata suka kewaye ni. Bayan gwaji na uku sai na ga fitila ɗaya ta mutu, saura uku. Wata inna tamu ta tambayi dalili. A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Amma ina! Na tsaya na yi tunani irin na wadda ta tashi a gaban murhu. Gawayi ba ya aiki sai ya yi ja, kore kuwa ɗanye ne. Da ma na hangi hoton wata jar fitila a jikin kwalin. Sai na gyara tsayuwa na yi musu bayani kamar malamar asibiti: “Waɗannan korayen alamar bai gama kamawa ba ne. Ɗaya bayan ɗaya za su mutu, in ya yi ja, to ya nuna. Wannan ƙamshin da kuke ji somin-taɓi ne.”

“Ikon Allah! Ashe da saura!” in ji su.

Don in taimaka masa ya yi ja kafin baƙi su iso, sai na ce duk mai son turara mayafinta ta kawo. Layi aka yi. Na turara na Inna, na turara na maƙwabta, har da wata da ta koma gida ta ɗebo zannuwan gadonta. Duk fitilar da ta mutu sai mu yi shewa. Uku, biyu, ɗaya. Ni da hannuna nake zubar da cajin, ina murna.

Wajen azahar motar mutanen Burumburum ta tsaya, suka shigo da ƙoren nono da man shanu. Daidai lokacin jar fitilar ta fara ƙyaftawa. Na ce a raina, kai, wannan abu ya san baƙi. Aka zaunar da su a ɗakin yayata, na shiga da rangwaɗa, na durƙusa na gaishe su, na zuba turarena mafi kyau, na ajiye a tsakiyar tabarma, na danna.

Ya yi ɗan ƙugi, jar fitilar ta ƙyafta sau biyu, ta mutu. Na sake dannawa. Na girgiza shi. Wallahi har hura shi na yi da baki, kamar gawayi. Yayata ta sunkuyar da kai a kan jaririnta. Uwar mijinta ta leƙo ta ce, “Yarinya, rediyon taku ba ta magana ne?” Wata a bayanta ta toshe baki da mayafi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga sallamar Gwaggo daga bakin ƙofa. Tsohon kaskonta ne a hannunta. Ashe tun da ta ji bayanin da nake yi wa mata ta je gindin tukunyar abincin suna ta zaɓi garwashin da ya gama ci, wanda ba ya hayaƙi, ta lulluɓe shi da toka. Ta karɓi kwalbar turarena, ta barbaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa inda iska za ta shigar da ƙamshin ba tare da ya dami jariri ba. Kafin ka ce me, ɗakin ya ɗauka.

Tsohuwar ta lumshe ido ta ce, “Kai! Wa ya haɗa wannan?”

Gwaggo ta nuna ni. “'Yata ce ta haɗa da hannunta. Ni wuta kawai na kawo mata.”

Baƙin suka yi ta sa mini albarka, har aka roƙi a ɗiba musu su tafi da shi. Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido. Matar da na ce ta koma gefe, ita ce ta rufa mini asiri, kuma ta bar mini yabon.

Da yamma Yaya ya dawo, aka ba shi labari. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. “Ke! Koren shi ne cajin! Ja kuma ihu yake yi miki a kai shi wurin mai caji!” Tun daga ranar, in na fara yin bayanin abin da ban sani ba, sai wani a gidan ya ce, “A bar ta, bai yi ja ba tukuna.”

Har yau ina da kaskon, kuma da fitila biyu sun mutu nake kai shi caji. Abin da ranar ta koya mini shi ne, “ban sani ba” kalma ce mai sauƙi, kuma gara in faɗe ta a tsakar gida da a gano ta a gaban baƙi. Sannan ban ƙara ce wa babba ya huta daga aikin da ya fi ni sani ba. Ko taron wa za a yi a gidanmu, sai na fara zuwa na ce, “Gwaggo, a ajiye mini garwashi.”