Tarmos ɗin da Kaka ta wanke

Yau ina tsiyaya shayi daga tsohon tarmos ɗina, sai haushin Kaka ya taso mini sabo fil, ita kuwa shekararta guda a ƙasa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a na tona tulin takin garkarmu ta bakin tabkin Madarumfa, can tsakiya inda yake turiri yana ƙona hannu. Na cika tarmos don takin ya isa ɗakin bincike da zafinsa. Ƙananan ƙwayoyin halittar cikinsa nake nazari, waɗanda sinadarin narkar da abincinsu sai da zafi yake aiki.

Kafin in fito wanka Kaka ta zubar da takin, ta wanke tas, ta cika shi da kunun tsamiya.

"Kaka, aikina ne fa! Masu rai ne a ciki, zafi suke so!"

"Mai son wuta ai sai Shaiɗan," in ji ta. "Kashin awaki a mazubin abinci? Sha kununka, angon banza."

Na sha ina huci, ga warin taki ƙarƙashin tsamiyar. Malamina kuwa bai karɓi uzuri ba.

Har yau ban huce ba, Kaka. Amma wutar nan da kika tsana, Allah ya nisanta ki da ita, ya sanyaya makwancinki.