Gyaran da Sodangi Ya Yi wa Allon Safinatu

Duk Dingyaɗi an san Safinatu mai suyar albasa da jarabar karatu. Hasken waya yana sa mata hawaye, shi ya sa ɗiyarta ta aiko mata da wata na'urar karatu mai fuska kamar takarda, maƙare da littattafan labarai. Ita allo take ce mata. Hannu duk mai, ludayi a dama, allo a hagu, haka take wuni. A tabarma take yar da shi, jikoki su tsallake, bai taɓa yi mata gardama ba.

Sai ga ƙanenta Sodangi daga Shagari, mai gyaran waya, mutumin da bai iya ganin abu lafiya lau ya ƙyale shi.

"Yaya, wanga abu a ɗaure yake. Bari in kwance miki shi, ki ga aiki."

"Mi ya yi maka? Karatu nika so, kuma yana yi."

Ina! Tana sallar la'asar ya saka shi a aljihu ya hau babur.

Ya dawo da shi yana washe baki. Ya cusa masa agogo, da wasan dara, da wasu tarkacen da ba wanda ya roƙe shi. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa, in allon ya yi barci, Ayatul Kursiyyu ce ke fitowa a fuskarsa, wai don albarka.

Safinatu ta dubi hannunta mai maiƙo, ta janye shi. Tir! Yanzu sai ta yi alwala kafin ta taɓa abin da za ta karanta labarin 'yan kasuwa a ciki? Ba dama ta ajiye shi ƙasa, ba dama yaro ya tsallake.

"Cire min, tun ban ci mutuncinka ba."

Ya zauna cirewa, yana latse-latse yana gumi, har allon ya sandare. Irin wannan fuska kuwa, ko batir ya mutu, abin da ke kanta ba ya gushewa. Littattafai suka tafi, aya ta zauna daram.

Safinatu ba ta iya karanta allon, ba ta kuma isa ta jefar da aya a juji ba. Ta yi alwala, ta naɗe shi cikin farin ƙyalle, ta ɗora bisa kabad kusa da Alƙur'ani.

Sodangi ya ce, "Ko banza dai ɗakin ya samu tsari."

Ta nuna masa ƙofa da ludayi.