Nunzia Mai Guga da Mala'ikarta

Nunzia mai guga ba 'yar garinmu ba ce. Daga bakin teku Saverio ya auro ta ya hauro da ita kan dutse, kuma har ya mutu ya bar mata 'ya ɗaya da dutsen guga, matan gari ba su daina ce mata "ta gangare" ba. A coci kujerar baya take zama, dab da ƙofa, inda sanyi da karnuka ke shigowa. Ita ke goge rigunan amare da na limamin coci da na yaran biki. A ɗaga riga a yaba, a miƙa mata ladan aikinta ba a ko dubi fuskarta ba.

'Yarta Titina an haife ta fatar idonta a sauke, kamar mai gyangyaɗi. In za ta kalli mutum sai ta ɗaga haɓa ta leƙo ta ƙasa, tsofaffi kuwa suka ce girman kai ne, na uwarta ta gado. Da ta isa shiga makaranta aka kai ta birni aka yi mata aiki. Likita ya ɗage fatar, ya ɗage ta da kyau, har ta daina rufuwa duka. Ko barci take yi kana hango farin idon. Aka ba ta tabarau mai kauri na gani, da baƙin gilashi da ake maƙalawa a kansa, don hasken rana ji take kamar an watsa mata barkono. Likita ya ja kunnen Nunzia: kada yarinyar ta shiga rana ba baƙin gilashin nan, idon zai bushe ya yi miki.

A garinmu kuwa baƙin tabarau kayan masu mugun ido ne. 'Yar mitsitsiyar yarinya ta wuce, sai ka ga ƙaton mahauci yana laluben mabuɗi a aljihu don ya taɓa ƙarfe ya tsira.

Ran bikin waliyyin gari, tsakiyar Agusta, maza kan ɗauki babban gadon katako a kafaɗa su zaga gari. A kan gadon akwai siffar waliyyin ta azurfa da dogayen ƙarafa, kowanne an ɗaure masa yaro cikin kayan mala'ika, yana reto sama da kawunan jama'a tun hantsi har rana ta take tsaka. Wadda ɗanta ya hau, kujerar gaba ce tata a coci har shekara ta zagayo. Mai zaɓen yaran ita ce Donna Ersilia, matar mai kantin magani.

A wannan shekarar Donna Ersilia ta zo karɓar rigunan mala'iku da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana auna Titina da ido.

"Nunzia, 'yar nan taki kina ba ta abinci kuwa? Kazata ta fi ta nauyi."

"Tana ci, Donna. Jikin ubanta ne."

"Allah ya ji ƙansa, shi ma kamar tsinke yake. To, wadda za ta hau ƙarfen sama ta kwanta da ƙyanda, kuma ƙarfen ba ya son mai nauyi. Sai dai ba da abin nan a fuska ba. Mala'ika muke nema, ba direban babbar mota ba."

"Donna, likita ya ce rana..."

"Likitan ne zai ɗauki waliyyi? Ke kika sani. Ga 'yar mai burodi can, uwarta har ta fara rage mata taliya."

Kada wani ya ce Nunzia ba ta son 'yarta. Kullum kafin barci ita ke ɗiga mata magani, ta shafa man ido, ta ja fatar da ɗan yatsa a hankali. Tana son ta. Kujerar baya ce dai ta daɗe tana cin ta.

Ran biki da hannunta ta zare tabarau, na ganin da baƙin, ta jefa a jaka.

"Mamma, ba na gani."

"Ba gani za ki je yi ba, ganinki za a yi. In ya yi zafi ki sunkuyar da kai."

Ba a sunkuyawa a kan ƙarfen sama. Akwai waya bayan wuya mai riƙe da kambin zinariya, ita ke miƙe kai. Hannuwa kuma a ƙirji ake ɗaure su tare da farin fure, don kada yaro ya yi ta ɗaga wa kakarsa hannu.

Aka ɗaga gado, 'yan badujala suka soma. Rana ta doki fararen bangaye ta dawo, ta doki azurfar waliyyi ta dawo, duk a idon da ba ya rufuwa. Kafin a kai dandali hawaye ya jiƙa wuyan rigar. Ko ta yi kira, ganguna sun haɗiye.

Wata tsohuwa ce a kan bene ta fara lura. "Ku duba ta sama. Kuka take, ko ƙiftawa ba ta yi."

Maganar ta bi layi. Mata suka zube a gwiwa, maza suka cire hula. Mahaucin nan mai taɓa ƙarfe na gan shi yana sharɓar majina kamar an yanka masa uwa. Aka ce yarinyar ta ga abin da ba mu gani ba.

Nunzia tana tafe ƙarƙashin gadon, ita kaɗai ta san kukan mene ne. Ta matsa kusa da shugaban masu ɗauka, ta buɗe baki za ta ce a sauke. Daidai nan Donna Ersilia ta saƙalo hannunta cikin nata, a gaban gari duka.

"Taho nan gaba, ƙawata. Uwar mala'ika ba ta bin baya."

Nunzia ta rufe bakinta. Aka ƙarasa zagayen, har da ƙarin layi ɗaya don na unguwar ƙasa su ma su gani.

Titina ta yi kwanaki a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, idanu jajur kamar hanta. Mata suka yi ta zuwa da kek da ƙwai, kowace da ɗan hankicinta tana son a goga mata a kuncin yarinyar. Da jan ya washe, sai ga wani farin ɗigo a idon hagu. Likitan birni ya duba, ya yi wa Nunzia tas, ya ce in aka sake, idon ya tafi. Ta dawo ta ce mutumin ba shi da ladabi, ba ta ƙara komawa wurinsa ba.

Yanzu a kujerar gaba Nunzia take zama a coci, da sabon mayafi, kuma Donna Ersilia ta riga ta faɗa wa kowa cewa ƙarfen sama na Titina ne muddin zai iya ɗaukar ta.

Yarinyar ba wawuya ba ce, ta ji wannan "muddin". Tun hunturu ta kama ci. Ta cinye nata, ta suɗe tukunya, ta dangwala burodi a man zaitun tana turawa har tana yunƙurin amai. Kumatu suka fara fitowa. Nunzia ta zuba mata ido kwana biyu. Ran kasuwa ta sauka ta sayo kwaɗo, ta garƙame kabad ɗin abinci, ta rataya mabuɗin a wuyanta.