Hotuna Arba'in na Ɗan Goggona

Ɗan goggona kafinta ne, amma a gidanmu Biro muke ce masa. Tun muna firamare, yara na koyon baƙaƙe, shi yana koyon sa hannu. Ni na yi sallama da boko a aji huɗu, shi ya ci gaba, amma iyakar ƙarin da na gani wutsiya biyu ce a ƙarshen sa hannun nan. In ya ɗora biro a takarda, kana iya zuwa ka yi wanka ka dawo yana kan lanƙwasa ta uku. Ni dai na ce ranar da aka haife shi ma sai da ya sa hannu kafin ya yi kuka, goggo kuma ba ta musa ba.

Shekara goma yana fama da zarto a rumfa, sannan ya haɗu da wani mai jaka, suka yi rajistar kamfanin kujeru. Biro ke da injin da kanta a tafin hannu, Mai Jaka ke da baki da takardu.

Wata safiya Biro ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofar wurin aiki. Mai Jaka ya miƙo masa takarda, wai tun bara ya sallama masa rabonsa na kamfanin, injina da suna da komai. A ƙasa ga sa hannu, wutsiya biyu cif.

Ya same ni a gindin bishiyar da nake zaman kashe wando.

"Kai marar aikin yi, tashi ka raka ni wurin lauya."

Ban tsokane shi a hanya ba. Idonsa ya yi ja, garin katako ma bai kakkaɓe daga hularsa ba.

Lauyar tana hawa na biyu, da tabarau a kan hanci da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Ta ajiye takardar a gabansa.

"Malam, wannan sa hannunka ne?"

Ya daɗe yana kallo. "Gaskiya ya yi kyau."

Na taka masa ƙafa.

"Amma ba ni na yi ba," in ji shi.

"Kowa haka yake faɗa. Kotu hujja take so. Ranar da ke kan takardar nan, sha bakwai ga watan uku na bara, kana ina?"

"Wurin aiki."

Ko ranar aurensa ka tambaya, amsar kenan. Amma ni watan uku ya yi mini ƙara a kunne. Watan da ya faɗo daga tsani ne, hannun dama ya karye, asibiti suka naɗe shi da filasta tun daga yatsu har hamata. Na zaro waya na buɗe hotuna na miƙa wa lauya. Ga Biro yana cin abinci da hagu, cokali na neman kunne. Ga shi yana hamma da hannu a miƙe kamar mai tare mota.

"Ba ka rantse ka goge ba?" Ya yi maganar a hankali, irin ta mai shirin kisa.

"Na goge biyu, ranka ya daɗe. Saura arba'in."

Lauya ta duba kwanakin hotunan, tana danne dariya. "Hoto kaɗai ba zai isa ba. Katin asibiti yana nan?"

Yana nan, a ƙarƙashin katifar goggo, inda har takardar rigakafin kakanmu take. Aka kuma tono takardun karɓar katako na wannan watan. Duk dangwale ne da babban yatsan hagu. Mutumin da ke ɗaukar sa hannu kamar sarauta, wata guda yana dangwale irin nawa.

Lauya ta haɗa su ta aika wa lauyan Mai Jaka. Ba a kai ga zaman kotu ba, makulli ya dawo a cikin ambulan. Ranar raba kamfani Biro ya sa hannu a shafi shida, har shayin lauya ya huce sau biyu.

Muna saukowa daga bene ya riƙe mini riga.

"To, ɗan kawu, an gama. Goge su."

Na ce ya koma sama ya tambaya. Lauya ta ce hujja ce, kada a taɓa ko ɗaya. Da can son raina ne ya hana ni gogewa, yanzu kuwa doka ce.