Ɗakin da Ya Yi Saura

Da ciwon Baba ya tsananta, yayana ya taso daga Dapaong da yaransa, suka sauka a gidanmu na Kpangalam. Kullum sai ya kunna musu bidiyon waƙar koyon rabawa a waya, suna bi suna tafi.

Da suka gaji da raba mangwaron cikin waƙar, sai suka bi ƙofofin gidan da gawayi suna sa alamar rabo. Ɗakuna bakwai, mu 'ya'yan Baba uku: kowa bibbiyu, saura ɗaya, wanda Baba ke kwance a ciki yana ta tari.

Na daka musu tsawa, don ba a raba gidan mai rai.

"Ƙyale su mana," in ji yayana. "Ai lissafinsu daidai ne."

Daga ciki, tarin Baba ya tsaya cak.